Ranar da Vendel Pataki Ya Rufe Bakinsa

A garinmu in ka ce Vendel Pataki, wani sai ya tsaya tunani. Amma ka ce "tsohon mai fito", yanzu ka ga mai sayar da kabeji a kasuwa ta washe baki ta kama yi maka 'yar waƙar. Kusan shekara arba'in ya yi a dandamalin gidan wasanmu yana rawa, yana waƙa, yana ba mutane dariya, amma sunansa bai taɓa hawa saman takardar talla ba. Kullum can ƙasa yake da ƙananan baƙaƙe, dab da sunan waɗanda suka buga takardar.

Ɗan mahauci ne. Ubansa tsiran alade yake yi a bayan kasuwa, kuma ya so yaron ya gaje shi. Shi kuwa Vendel tun yana wanke hanji a bayan shago yake rera waƙa, har maƙwabta su buɗe tagoginsu. Da ya tasa sai ya gudu ya shiga cikin 'yan amshi na gidan wasa. Uban ya yi fushi ya ɗauke masa wuta, sai wata Lahadi aka hango tsohon can bene na sama, inda muke kira makwancin zakaru, ya rungume hularsa yana share ido. Daga ranar ba a sake maganar tsire ba.

A opereta, wato wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa irin namu, kowa da gurbinsa. Akwai kyakkyawan saurayi mai baƙar kwat da tauraruwa mai doguwar riga, su ne masu soyayya da koke-koke. Sai mai barkwanci da abokiyar rawarsa, su ne masu tsalle-tsalle. Vendel gajere ne, ga hanci, ga kunnuwa, don haka tun ranar farko aka san inda za a ajiye shi. A wajen tsallen nan ne ma ya samu mata. Wata rana yana cikin rawa takalminsa ya fice, ya faɗa ramin makaɗa da ke gaban dandamali, ya sauka a kan wata mai goge, Etelka. Bayan wasa ta kawo masa takalmin ta ce in yana son magana da ita akwai hanyar da ta fi wannan. Ba a rufa shekara ba suka yi aure.

Ya yi tsalle har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, sai aka manna masa farin gemu aka mayar da shi fitowa a tsoho. A nan ya gamu da mai fito. Wani dattijo ne a kashi na uku na wasan nan da garinmu ba ya gajiya da shi, wanda ke tsallakar da masoya kogi, in sun sauka ya tsaya shi kaɗai da filafilinsa ya yi wa ruwa waƙa. Waƙar tana ƙarewa da murya ɗaya doguwa, a ja ta sama a riƙe ta har numfashi ya ƙare. Da wannan muryar Vendel yake taƙama, don yakan ce tana kaiwa makwancin zakaru ba tare da wata na'ura ba. Yana da wata magana kuma da ya ishi matasan 'yan wasa da ita:

"Ba a yi wa 'yan kallo ƙarya. Ba su san kiɗa a takarda ba, amma kunnensu ya san gaskiya. Ka cuce su sau ɗaya, za su tashi su bar maka kujerun."

Ana nan sai aka aiko mana da sabon shugaba daga Budapest, wani Levente, yaro ɗanye shataf, kullum da gyale a wuya ko ana zafi, da cingam a baki ko yana magana da sa'ar kakarsa. Abin da ya fara yi shi ne sallamar makaɗa. Mutum ashirin da wani abu, har da Etelka da ta tsufa a ramin nan, aka ba kowa furen roba da takardar godiya. Aka rufe ramin da katako aka jera kujeru masu tsada a kai. Kiɗa ya koma fitowa daga faifai. Sai aka zo ana manna wa kowa wata 'yar makirfo a goshi da gam, ta zauna maka kamar ƙurji. Sai aka kawo wani yaro da ya ci gasar waƙa a talabijin aka ba shi baƙar kwat, yaron da in ya taka rawa sau biyu haki ba ya barinsa ya buɗe baki. Tir da wannan zamani!

Kafin shigowar sanyi aka kwashe 'yan wasa duka zuwa ɗakin naɗar murya, wai don ko-ta-kwana, in mura ta kama wani. Vendel ya je yana ƙunƙuni, ya rera waƙar mai fito sau uku ya fito. A wasan farko bayan haka, yana ɗaga filafili ya buɗe baki, sai ya ji wata murya ta riga shi daga lasifika. Tasa ce, amma an wanke ta an goge, babu numfashi a cikinta, babu ko ɗan gargada. An kashe makirfon goshinsa. Abin da ke fita daga maƙogwaronsa ko layin gaba ba ya kaiwa, ƙarar lasifikan ta danne shi. Ya fita daga dandamali, ya tofa yawu a bokitin yashi na 'yan kwana-kwana, ya wuce ofishin shugaba da gemunsa a manne.

"A'a, Kawu Vendel! Shigo, shigo. Ka ji yadda ka fito yau? Zuma!"

"Ban fito ba. Faifai ne ya fito. Wa ya ba ka izinin kashe mini murya?"

"Haba Kawu, wa ya isa ya kashe maka murya? Adana ta muka yi. Yanzu ko tari kake yi, ko ka kwana kana sha, waƙarka tana nan garau."

"Ban taɓa hawa dandamali da giya a cikina ba, yaro."

"To ai misali na yi." Levente ya ɗora ƙafa kan tebur yana taunar cingam ɗinsa. "Kawu, in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Da bazara za mu zaga bakin tafkin Balaton, wasa a fili, gari bayan gari. In mun dawo ga na Kirsimeti, ga na sabuwar shekara, duk da mai fito a ciki. Ina so in tafi da kai, na rantse ina so. Amma abin guda ne: ka motsa bakinka daidai da faifai. In ba za ka iya ba, gemun nan na gam ne, kowace haɓa zai zauna."

"Mutane za su gane. Ranar da suka gane kuwa, kai da gyalenka sai kun nemi hanyar tasha."

Levente ya yi dariya har cingam ya kusa faɗowa. "Su gane me? Kawu, je ka wanke fuska ka huta."

Haka Vendel ya cinye lokacin sanyi yana motsa baki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mutum mai shekara sittin da gwiwoyi biyu matattu ba shi da wani gidan wasa da ke jiransa. Amma ƙyamar abin ba ta sake shi ba ko rana ɗaya. Yana ƙyamar gam ɗin goshinsa. Yana ƙyamar yaron talabijin da ke duba wayarsa a bayan labule har a taɓa shi a ce lokacinka ya yi, ya fita ya buɗe baki kamar kifi, 'yan mata su yi ta ihu. Yana ƙyamar katakon da aka rufe ramin makaɗa da shi, inda yanzu matan 'yan kasuwa ke zama suna kwance ledar alewa a daidai wurin da Etelka take zama da gogenta. Abin da ya fi duka tayar masa da zuciya shi ne shi kansa, yana tsaye yana kumbura ƙirji, yana jan wuya, yana kwaikwayon mutumin da ke waƙa.

A gida ba ya da zance sai wannan. Etelka, wadda ta koma koyar da yaran unguwa goge a falo, sai ta saurare shi ta ce, "Ka yi haƙuri ka motsa bakinka, tsoho. Me ya yi saura?"

"Ke ce ke faɗin haka? Ke da aka kora da furen roba?"

"Ni ce."

"To ni ban mutu ba tukuna. 'Yan kallo suna zuwa ne don sun ɗauka ni suke ji. Ranar da suka san an mayar da su wawaye, ki zo ki ga abin da zai faru."

Ta dube shi kamar za ta ce wani abu, sai ta juya ta ci gaba da wanke kwanoninta.

Shi kuwa ya riga ya ƙulla abin da zai yi. Ya zaɓi wasan Lahadi da rana, na tsofaffi 'yan fansho, waɗanda suka riƙe kujerunsu tun yana saurayi, suka san shi tun kafin gemu. In akwai masu kunne a garin nan, su ne. Ya san abin da zai biyo baya: babu Balaton, babu Kirsimeti, gemu ya koma haɓar wani. Ya yarda. Shi dai a yi ihu, a buga ƙafa, a nemi shugaba ya fito ya yi bayani, ko da shi ne za a fara kora.

Ranar gidan ya cika maƙil, warin turaren tsofaffi da maganin asu na manyan riguna ya cika ko'ina. Kashi na uku ya zo. Masoya suka sauka daga jirgin kwali suka fita riƙe da hannun juna. Fitila ta dawo kan mai fito. Faifai ya ɗauki waƙar, Vendel ya bi shi baiti ɗaya, baiti biyu. Da aka zo doguwar muryar ƙarshe sai ya tako har bakin dandamali inda haske ya fi ƙarfi, ya dogara filafilinsa, ya rufe bakinsa gam. Ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ya zuba musu ido, layi bayan layi. Muryarsa kuwa tana can sama tana ta tafiya ita kaɗai, garau, ta cika gidan har makwancin zakaru, shi yana tsaye leɓɓansa a manne.

Ya ga an fara kallon-kallo, ya ce a ransa yauwa, ga ihun nan tafe. Sai wani tsoho a layi na biyu ya fashe da dariya. Matarsa ta kama. Kafin muryar ta sauka gidan gaba ɗaya ya ɗauka, wasu na dukan cinya, wasu na share hawaye. Sai tafi. Aka rufe labule aka buɗe, 'yan wasa suka fito suka rusuna, tafin bai tsaya ba. Can ya haɗe ya zama ɗaya, raf, raf, raf, yadda mutanenmu ke yi in abu ya kai musu. Aka sauke labulen ƙarfe na kariyar gobara, alamar kowa ya tafi gida, ba wanda ya motsa. Wannan shi ne tafin ƙarfe, kuma in ya ƙi ƙarewa dole a buɗe 'yar ƙofar da ke jikin ƙarfen, wanda ake kira ya fito shi kaɗai. Vendel ya sha tsayawa a gefe yana kallon masu baƙar kwat da taurari suna bi ta ƙofar nan, yana haɗiye yawu. Ba a taɓa buɗe masa ita ba. Yau ga shi ana kiran "Mai fito! Mai fito!"

Levente ya iso a guje, gyalensa na reto. Vendel ya gyara tsayuwa don ya karɓi korarsa, sai yaron ya rungume shi.

"Kai, Kawu! Ashe kai ɗan duniya ne! Yaushe ka ƙirƙiro wannan? Wayyo cikina! Wannan za mu sa a kowane wasa. A Balaton sai an ɗauki mutane a kwance don dariya. Fita, fita, kai suke kira!"

Ya tura shi ta ƙofar. Vendel ya tsinci kansa a ɗan siririn wurin da ke gaban ƙarfe, shi kaɗai, ɗaruruwan fuskoki na washe masa haƙoran roba. Jikinsa ya rusuna da kansa, don shekara arba'in ta koya masa. Amma da ana ganin zuciya, da ba wanda zai so ya ga abin da ke cikin tasa. Allah wadaran naka ya lalace, in ji shi a ransa. Wawaye, ba ku ma gane an zage ku ba.

Ya cire gemu ya wanke fuska ya fito ta ƙofar baya rana ba ta faɗi ba. A nan ya tarar da Goggo Jolán, tsohuwar malamar makaranta da ta koyar da rabin garin karatu, wadda ba ta taɓa fashin wasan Lahadi ba. Tana riƙe da sandarta da ɗan ƙunshin pogácsa, burodin gishirin nan da takan toya masa. Ya sunkuya ya sumbaci hannunta kamar yadda ya saba, amma yau bai iya yin murmushi ba.

"Gwanina! Yau ka kashe mu. Haƙarƙarina har yanzu ciwo yake."

"Goggo Jolán, ba wasa na yi ba. Kin ga bakina a rufe, kin ji waƙa tana tafiya. Ba ki gane ba? Faifai ne. Tun farkon sanyi faifai kuke biya kuna saurare."

"Yo ai mun sani."

"Kun sani?"

"Haba gwanina, tsufa muka yi, ba kurumcewa ba. Tun Lahadin farko muka gane. Mun ma yi maganar a shagon kofi, kowa ya ce alhamdu lillahi, an hutar da bawan Allah."

"An hutar da wa?"

Ta dafa hannunsa, irin dafawar da ake yi wa marar lafiya. "Da kai mana. Kuma da mu. Ka san yadda muke zama in ka doso muryar ƙarshen nan? Kowa ya damƙe hannun kujera yana addu'a. Marigayi mijina har rufe ido yake yi. Shi ya sa muke fara tafi tun ba ka kai tsakiya ba, don kada baƙi su ji inda take tsagewa. Kai namu ne, ba ma bari a yi maka dariya. Yanzu kuwa ga ta nan sumul, mu zauna hankali kwance mu kalli fuskarka. Ungo, da zafinsu, ka kai wa Etelka."

Ya karɓi ƙunshin. Bai san ya yi mata godiya ko bai yi ba. Ya bi titin kasuwa yana tuna tafin nan da ke tasowa tun yana tsakiyar murya, wanda ya daɗe yana ba matasa labari, wai mutane ba sa iya jira ya gama don daɗi. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Sai kuma ya ce ƙarya ne, tsohuwa ce, ta ruɗe.

Ya tarar da Etelka a kicin tana yanka tattasai da albasa za ta yi miyar lecsó. Ya ajiye ƙunshin a tebur bai cire kwat ba.

"Etelka, muryata tana tsagewa?"

Wuƙar ta tsaya. "Wa ya gaya maka?"

"Tambayarki na yi."

Ta goge hannu a zanen gabanta, ta juyo ta dube shi sosai. "Tana tsagewa, tsoho."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi jikanmu."

Jikan nasu bana ya shiga makaranta. Vendel ya dafa bayan kujera.

"Ni na roƙi shugaban makaɗa ya sauke kiɗan ƙasa kaɗan," in ji ta. "Da bai isa ba ya ƙara saukewa. In ka zo wurin, mu masu goge sai mu danna da ƙarfi mu rufa maka asiri. Kowa a ramin ya sani. Ba wanda ya taɓa yi maka dariya, ko sau ɗaya."

"Kuka bar ni ina cika baki a gaban yara? Ina ce musu ba a yi wa 'yan kallo ƙarya? Ku duka, gari guda, kuna kallona kamar wani..." Ya yi tsaki mai ƙarfi. "Ƙarya kike yi. Ke da Jolán da yaron nan mai cingam, bakinku ɗaya."

"To," ta ce.

Sai ya cire kwat ɗinsa ya rataye. Ya tsaya tsakiyar kicin ya ware ƙafafu, ya ja numfashi har ƙasan ciki yadda aka koya masa yana yaro. Ya ɗauko baitin ƙarshe na waƙar mai fito. Babu goge, babu faifai, babu mai tafi. Ya hau muryar, ta ɗaga, ta yi rawa, ya matsa mata, sai ta tsage biyu ta zube, abin da ya rage wani ɗan kuka ne siriri mai ban tausayi. Ya ji shi da kunnensa, sarai, karo na farko.

Mai ya fara ƙauri a kasko, ba wanda ya kula. Vendel ya daɗe a tsaye yana kallon bango. Sannan ya fita zaure inda waya take, ya buga lambar gidan wasa. Etelka tana jinsa daga kicin.

"Levente? Ni ne, Vendel. Ka sa sunana a na Balaton." Ya saurara kaɗan. "E, na ji. Zan rufe bakin."